Mai Unguwa: Ma'aikacin da Ba Shi da Ofis

Wanda ya shiga sakatariyar ƙaramar hukuma zai tarar da ofishin ciyaman da na mataimakinsa, da zauren kansiloli, da sakatare da ma'aji, sai sassan ayyuka, lafiya, noma da ilimi. Ba zai ga ƙofar da aka rubuta mai unguwa ba. Shi zauren gidansa ne wurin aikinsa, kuma ba shi da lokacin tashi.

A zamanin En'e haraji ne ƙashin bayan aikin. Shi ke ƙirga magidanta, ya tara kuɗi ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, har su isa baitulmali. Garambawul ɗin 1976 ya karɓe mulki daga hannun sarakuna ya danƙa wa majalisun ƙananan hukumomi, sannan gwamnatin Abubakar Rimi da ta hau a 1979 ta soke haraji a Kano. Kundin tsarin mulki na 1999 ya jera wa ƙaramar hukuma ayyukanta, su kasuwa da tasha da maƙabarta da rajistar haihuwa, amma ko sunan mai unguwa bai kama ba.

Duk da haka aikin bai mutu ba, domin kansila mazaɓa ya sani, shi kuwa mai unguwa gida-gida ya sani. Mai neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma daga zaurensa yake farawa. Masu rigakafin shan inna da shi suke sallama a ƙofar da aka hana su shiga. Yaron da ya ɓata da akuyar da aka tsinta wurinsa ake kai su kafin a yi cigiya. Rigimar katanga ko ta kwata kuwa, yakan kashe ta kafin ta kai caji ofis.

Sarautar galibi gado ce, kuma a bakin zaure ake koyonta: yaro ya shimfiɗa tabarma, ya saurara, ya haddace iyakar kowace gona da asalin kowane gida. Abin da ake samu bai taka kara ya karya ba, shi ya sa mafi yawansu ke haɗawa da noma ko kasuwanci. La'adar cinikin fili ce ke ɗan tsoka, kuma nan tarkon yake. Wanda ya sa hannu aka sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, ƙara za ta kai gaban hakimi, rawaninsa kuma na iya tafiya.