Zanen da ke motsi: aikin Mustafa Alasan

Hirarmu ta yau a kan sinimar zane take.

Kowa ya san zane ba ya motsi. To, ƙaƙa ake yi har a gan shi yana gudu? Ga dabarar. Mai zane ya zana kwaɗo a zaune. A takarda ta biyu ya ɗaga masa ƙafa kaɗan. A ta uku ya ƙara ɗagawa. Sa'an nan a ɗauki hotonsu bi da bi. Injin sinima yana nuna hoto 24 cikin sakan guda. Ido ba ya iya rarrabe su, sai ya ga kwaɗo ya yi tsalle. Minti guda hoto 1440 ke nan. Aikin ba na mai gaggawa ba ne.

Emile Cohl ya yi irin wannan sinima a Faransa a 1908. Walt Disney na Amurka ya fito da ɓeransa, Mickey, a 1928.

Mu ma muna da namu gwani, Mustafa Alasan. An haife shi a 1942. Da fari makaniki ne. Ya koyi aikin sinima a Yamai wajen Jean Rouch, ya ƙara sani a Kanada wajen Norman McLaren. A 1966 ya yi "Bon Voyage Sim". Labarin Sim ne, shugaban ƙasar kwaɗi, da ya tafi ziyara ƙasar maƙwabta. Aka tarbe shi da sojoji da bukukuwa. Mai kallo yana dariya, amma ya san ba da kwaɗi ake ba. Abin da baki ke tsoron faɗa, kwaɗo ya faɗe shi.

Daga baya ya zauna a Tawa, yana ƙera 'yan tsana da hannunsa. Da su ya yi "Kokoa", wato kokawa, inda dabbobi ke shiga fage suna ka da juna. Ya rasu a Wagadugu a 2015. Allah ya jiƙansa.

Yanzu ku ɗauko littafinku na rubutu. A kusurwar shafi goma ku zana ƙwallo, kowane shafi ya ɗara na baya tashi kaɗan. Ku kama kusurwar da babban yatsa, ku saki shafukan da sauri. Ku kira yara su gani.