Filin wasan da aka ci a Bronx, sai da aka biya da wani

Ni ɗan Nima ne. Duk ƙwallon da na buga a yarinta, a lungu na buga ta, tsakanin bangon masallaci da bakin gota. In ta faɗa ruwa, ƙaramin cikinmu ake turawa ya tsamo, kuma sau da yawa ni ne ƙaramin. Shi ya sa da na kai wa wana ziyara a Bronx, cikin birnin Niyok na Amurka, ya ɗauke ni yawo da yamma, sai na tsaya ina kallon wani fili mai ciyawa kore shar, yara na ta guje-guje, babu mai karɓar ko sisi a ƙofa.

Na ce, "Yaya, wannan filin na waye?"

Ya yi dariya ya ce, "Na kowa ne. Kuma biyan bashi ne. Ka ga katafaren filin wasan can na ƙungiyar Yankees? A kan filin jama'a aka gina shi."

Da na bi diddigi, ga yadda abin yake. A 1964 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta kafa wani asusu na kare ƙasa da ruwa, wanda suke taƙaita sunansa da LWCF. Daga 1968 aka fara zuba masa kuɗi daga abin da kamfanoni ke biyan gwamnati don haƙar mai da iskar gas a cikin teku. Tunanin mai sauƙi ne: mai zai ƙare wata rana, to a sayi abin da zai daɗe da wani ɓangare na kuɗinsa. Da kuɗin ake sayen daji da bakin kogi, da shi aka tsare sassa na hanyar ƙafa ta Appalachian wadda ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Maine, kuma daga ciki ake ba jihohi da ƙananan hukumomi tallafi su gina filin ƙwallo, wurin lilon yara, wurin ninƙaya. Ayyukan da aka yi ta wannan hanya sun haura 40,000.

Ba a banza ake ba da shi ba fa. Tallafin ba ya wuce rabin kuɗin aiki. Garin da ya nema shi zai kawo sauran. Sai kuma sharaɗin da ya fi burge ni: duk filin da ya ci kuɗin asusun, ya zama na shaƙatawar jama'a har abada. In ana so a mayar da shi wani abu, sai gwamnatin tarayya ta yarda, kuma sai an kawo wani fili a madadinsa, wanda darajarsa ba ta gaza ta na farko ba, amfaninsa da wurinsa ma su yi kusa da nasa. Mai karatu, in ka ce wannan ya yi kama da waƙafi, ni ma abin da ya faɗo min ke nan.

A nan labarin Yankees ya shigo. Filin Macombs Dam ya taɓa samun tallafin asusun. Da aka zo gina sabon filin wasan a 2006, wanda aka buɗe a 2009, dole aka yi alƙawarin mayar wa unguwa abin da aka ɗauke mata. Aka rushe tsohon filin wasan, aka mayar da gurbinsa na jama'a, shi ne Heritage Field da nake tsaye a kai. Amma kada in yi wa abin kwalliya. Mutanen unguwa sun yi shekaru suna jira, ba a buɗe shi ba sai 2012. Yaron da aka ɗauke wa fili yana ɗan shekara goma, ya kusa gama sakandare kafin a biya shi. Doka ba ta hana masu ƙarfi cin fili ba, ta dai hana su ci su share baki.

Shi ma asusun ya sha wuya. Tun ƙarshen shekarun 1970 doka ta ce dala miliyan 900 a shekara, amma majalisa ba ta cika sakin kuɗin duka ba, takan karkatar da saura wani wuri. A Satumban 2018 wa'adinsa ma ya ƙare. Sai a 2019 aka mayar da shi na dindindin, a Agustan 2020 kuma Donald Trump ya sa hannu a dokar da ta tilasta a riƙa ba shi kuɗinsa cif. Sannan sharaɗin kawo rabi yana da nasa aibin: gari mai kuɗi ya fi saurin cika shi, unguwar talakawa da ta fi bukatar fili ita ke tsayawa a baya.

Ina cikin jirgi ina dawowa Ankara ina ta lissafi. Mu ma muna da mai a teku tun da aka fara haƙa a Jubilee a 2010, muna da dokar sarrafa kuɗinsa tun 2011. An kafa asusun raya zango a 2017, an kuma shimfiɗa filayen ƙwallo na ciyawar roba a wasu zangunan, abin a gode. Tambayata ita ce, wace takarda ce ta ce filin nan ba za a yanka shi filoti-filoti ba bayan shekara ashirin? Ba mu manta da 2022 ba, lokacin da takardar gwamnati mai lamba 144 ta cire kadada, wato eka kusan 361, daga dajin Achimota, gari ya ɗauki ƙara.

Mu a zango, fili ɗaya aikinsa da yawa: nan za a yi Idi, nan Mauludi, nan zaman biki, nan yara za su buga ƙwallo maimakon su zauna a bakin titi. Na kai maganar gaban wani dattijo a unguwarmu bayan sallar la'asar. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Ɗana, duk na ji. Amma filin bayan makarantar nan da kuke wasa, ka taɓa tambaya da sunan wa aka rubuta shi?"

Na ce ban taɓa ba, Baba. Ya ce to ranar Litinin in zo da wuri, mu je mu duba tare.