Ko Kun Sani?

Ana iya sauya wa tsoho bawul ɗin zuciya ba tare da an tsaga ƙirjinsa ba, zuciyar kuma tana ci gaba da bugawa. Likita Alain Cribier ne ya fara yin wannan aiki a birnin Rouen na Faransa, ranar 16 ga Afrilu 2002. Ana naɗe sabon bawul, wanda yawanci da tantanin da ke lulluɓe zuciyar saniya ko alade ake yinsa, a zura shi cikin siririn bututu ta jijiyar jinin matsematsi har zuciya, sannan a buɗe shi a cikin tsohon. Bawul ɗin kamar ƙofar magudanar ruwan Tiga yake a gonakin Kura da Bunkure: in ta ƙanƙance, ruwa ba ya isa ƙarshen fage; haka ma jini in bawul ya ƙanƙance.

Ɗaya daga cikin abubuwan da suka fi damun likitoci a wannan aiki shi ne shanyewar ɓarin jiki, domin ɓurɓushin da ya daskare a tsohon bawul kan ɓalle ya nufi ƙwaƙwalwa. Akan kuma duba jijiyoyin wuya biyu da ke kai jini kai, waɗanda su ma kan toshe da tsufa. Abin mamaki, in jijiyoyin ƙafa sun yi ƙunci, ta wuyan ake bi a wasu lokuta, muddin ɗaya jijiyar tana da lafiya.

Dattijon da yake haki, ko ciwon ƙirji, ko suma in ya yi tafiya kaɗan, kada a ce tsufa ne kawai, wataƙila bawul ɗin ne ya ƙanƙance. A kai shi asibiti a yi masa hoton zuciya.