Daga fatar albasa zuwa ɗigon jini: Abin da ɗalibi ke rasawa idan bai taɓa leƙa madubin likita ba

A kowace shekara, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare kan zauna jarabawar Bayoloji ta WAEC da NECO, wadda ta ƙunshi takardar gwajin aiki da hannu. Da yawansu sun haddace zanen ƙwayar halitta daga allo, suna iya jera sassanta ba tuntuɓe, amma ba su taɓa ɗora ido a kan madubin likita sun gan ta da kansu ba. Alhali kuwa gani ya kori ji, kuma shi kansa wannan ilimi da gani ya faro.

A shekarar 1665 ne masanin Ingila Robert Hooke ya yanka ɓawon itace siriri, ya duba shi a madubi, ya ga wasu ƙananan ɗakuna jere kamar saƙar zuma. Bayan 'yan shekaru, wani ɗan kasuwar tufafi a garin Delft na ƙasar Holan, Antonie van Leeuwenhoek, ya hango halittu masu motsi a cikin ɗigon ruwa. Sai a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Matthias Schleiden da Theodor Schwann, suka bayyana cewa da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina jikin tsiro da na dabba.

Tsarin ƙwayar halitta ya yi kama da na ma'aikata. Tantanin da ya kewaye ta shi ne ƙofa da masu gadi, domin shi ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita. Cibiyarta, wato nukiliyas, ita ce ofishin babban sakatare: a can aka adana kundin gado na DNA, daga can kuma umarni ke fitowa. Raibosom su ne ma'aikatan da ke aiwatar da umarnin ta hanyar haɗa furotin, maitokondiriya kuwa janareta ce mai mayar da abinci zuwa kuzari. Duk suna zaune ne cikin wani ruwa mai kauri da ake kira saitofilazam. Ƙwayar tsiro ta ɗara ta dabba da katanga mai tauri da babbar ma'ajiyar ruwa, ta ganye kuma tana da kulorofilas mai sarrafa hasken rana.

Ganin manyan sassan nan ba ya bukatar kayan tsada. Ɗalibi zai ɓare siririyar fatar cikin albasa, ya shimfiɗa ta a kan gilashi, ya ɗiga ruwan aidin, sannan ya rufe da ƙaramin gilashi a karkace don kada iska ta maƙale. Ƙa'ida ita ce a fara da ƙaramin tabarau, a daidaita haske, a juya babban maɗauri har hoton ya fito. Idan an koma babban tabarau, ƙaramin maɗauri kaɗai ake taɓawa, in ba haka ba gilashin na iya fashewa. Lissafin ma mai sauƙi ne: tabaran ido mai ninki 10 da na ƙasa mai ninki 40 suna girmama abu sau 400.

Yaron da ya iya wannan ya riga ya taka matakin farko na aikin da rayuka suka rataya a kansa. Jar ƙwayar jini ƙarama ce ƙwarai, sai an jera sama da 100 kafin su cika milimita ɗaya. A cikin jinin wani majiyyaci ne likitan sojan Faransa Alphonse Laveran ya fara ganin ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a Aljeriya a 1880, kuma har gobe da madubi ake ƙirga yawanta a asibiti. Da shi ne kuma ake ganin yadda jar ƙwayar mai sikila ke lanƙwashewa kamar lauje. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin a duniya suna Najeriya ne, kuma babu ƙasar da ta kai ta yawan jariran da ake haifa da sikila.

Tsada ma ta daina zama cikakken uzuri. A 2014, Manu Prakash na Jami'ar Stanford da ke Amurka da abokan aikinsa suka fito da Foldscope, madubin takarda da kayan haɗa shi ba su kai dala ɗaya ba, mai girmama abu sau 140. Bai isa maye gurbin na asibiti ba, amma ya isa nuna wa yaro ƙwayar albasa.

Saboda haka, ga jami'in da fayil ɗin sayen kayan kwalejojin tarayya ke bi ta teburinsa, da uban da ke biyan kuɗin ɗakin gwaji kowane zango, sanin cewa makaranta na da madubi bai wadatar ba, domin wanda ke kulle a kabad ɗin shugaban makaranta da babu duk ɗaya ne. Abin tambaya shi ne: ɗalibai nawa suka leƙa cikinsa a zangon da ya wuce?