Matsalar "Lambar Sirri" a Bakin Manoman Arewacin Kano

Maƙasudin wannan takarda shi ne duba wasu kalmomi na tsaron kuɗi ta waya, waɗanda abubuwan da suke nufi suka riga su isa ƙauyukan Ɗambatta da Bichi da Dawakin Tofa. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, wanda ya biyo bayan sauya fasalin naira, ya tilasta wa mai sayar da gero ko riɗi a Dawanau karɓar kuɗinsa ta asusun banki, alhali ba kowa ya san lambar da ake bayarwa da wadda ake ɓoyewa ba.

A ganinmu tushen matsalar yana ga harshe, domin lambobi huɗu ne mabambanta. Lambar asusu, mai alƙaluma 10, tamkar kwatancen gida ce, ba laifi a ba mai saye. BVN, wadda Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2014, alƙaluma 11 ce, ita ce shaidar mutum a dukkan bankuna. Ita kaɗai ba ta fitar da kuɗi, amma ɗan damfara yakan karanto ta don a gaskata daga banki yake. Fin, mai alƙaluma 4, ita ce ke buɗe kati. Ta huɗu, watau OTP, banki ke aiko ta ta saƙon waya don tabbatar da ciniki guda, kuma takan mutu cikin 'yan mintoci.

Wannan ta huɗun ce ta fi cin mutane. Manomi ya sha gargaɗi kada ya faɗi "lambar sirrinsa", shi kuwa ya ɗauka fin kaɗai ake nufi. To, idan wani ya kira ya ce za a rufe asusu sai an karanta masa lambar da ta shigo yanzu, sai ya karanta da zuciya ɗaya, tun da ba shi ya zaɓe ta ba, bai kuma ɗauke ta sirri ba. Ta nan kuɗin kaka guda kan salwanta.

Saboda haka muna ba da shawara a kira fin "makullin kati", OTP kuwa "makullin sau-ɗaya". Mun fifita "makulli" a kan "sirri" domin mutum yakan faɗa wa wanda ya yarda da shi sirrinsa, amma ba ya miƙa wa baƙo makullin ɗakin hatsi. Kiran yaudarar kuwa, "tarko" ta wadatar. Abin da ya rage shi ne a gwada sunayen nan a azuzuwan yaƙi da jahilci da shirye-shiryen rediyo, a ga ko za su zauna a baki.