Kunne da Makirufo: Ɗaukar Kiɗa Domin Gwaji

Matashin da ya ƙware a kiɗan goge ko garaya a ƙauyukan Ɗambatta da Bichi, in yana son gidan rediyo ya gwada shi, sautin da ya ɗauka ya aika shi ne wakilinsa. Sai dai sau da yawa kukan jaki, dakan turmi da amsa-kuwwar ɗaki sukan danne kiɗan, alhali bai lura da su ba yayin ɗauka.

Dalili kuwa shi ne, kunne ba ya aiki shi kaɗai. Ƙwaƙwalwa ce ke tace sautin da ake bukata, ta kau da saura. Makirufo ba shi da wannan baiwa. Duk abin da ya iso gare shi kwasa yake yi.

Don haka zaɓen ɗaki wajibi ne. Bangon siminti da rufin kwano suna mayar da sauti, amma tabarmi, katifa da buhunan gero suna shanye shi. Haka kuma a fili, in aka ninka nisa sau 2, ƙarfin sauti yakan koma kashi 1 cikin 4. Ke nan a kusanto da makirufo, kuma a jira gari ya yi tsit.