Annoba Ba Ta Tsayawa a Makabarta, Har Tukunya Takan Shiga

'Yan'uwana mata, in an ce annoba, abin da ke fara zuwa zuciya shi ne makara da zaman makoki. Amma akwai wata ɓarnar da takan biyo baya, wadda mu matan gida muka fi kowa ganinta, watau ɓarnar da ke shiga tukunya.

Mu duba murar nan ta 1918 da kakanninmu suka kira marisuwa. Jirgin ruwa ya kawo ta Ikko cikin watan Satumba, ta biyo jirgin ƙasa, kafin ƙarshen Oktoba ta iso Kano, zamanin Sarki Abbas. Masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya, lokacin da jama'ar ƙasar duka ba su wuce miliyan 18 ba. Mugun halinta kuwa, majiya ƙarfi ta fi ɗauka, 'yan shekara 20 zuwa 40. Ga shi ta faɗo ana tsakiyar kaka. To, in manomi ya kwanta dawa na gona, wa zai girbe? In magidanci ya rasu, ai ba mutum ɗaya aka rasa ba, bakin goma ne suka rasa mai ci da su.

Korona ta 2020 kuwa da wani salo ta zo. An fara samunta a Kano ran 11 ga Afrilu, ba a yi mako ba aka hana fita, azumi kuma ya kama mutane a kulle. Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya ce an yi rasuwa 979 a birnin Kano da kewaye a wannan tsakani, rabi ko fiye ana zaton cutar ce sanadi. Dattawa ta fi ɗauka, cikinsu har da manyan malamai. In an gwada da yawan Kanawa, adadin bai rage jama'a ba, amma gida nawa ya rasa babbansa?

Arziki ne ya sha wuya ƙwarai. Farashin man fetur ya faɗi a duniya, abin da ƙasa ke samarwa ya ragu da kashi 6 cikin 100 tsakanin Afrilu da Yuni. Kasuwar Kurmi da Kantin Kwari suka yi tsit, sai ranakun da aka keɓe don cefane. Ba a yi Hawan Salla ba, ba a tafi Hajji ba. Ku lura da yadda abin ke gangarowa: ɗan dako bai fita ba, mai ƙosai ba ta yi ciniki ba, ba biki, ɗinki da kitso suka tsaya, aka kasa zubi, adashi ya watse. Wata jarinta ta cinye, wata kwanonin ɗakinta ta sayar. Makarantu kuma a rufe tun Maris har Oktoba, yarinyar da aka ɗora wa talla a lokacin ba lalle ta koma aji ba.

Saboda haka, uwargida, tun ran gini ran zane. Ware ɗan wani abu daga ribarki, ko kwano guda na gero, ki manta da shi. Kada ki haɗa jari da kuɗin cefane. Kai yaranki allurar rigakafi, ki saba musu da wanke hannu da sabulu. Mai zazzaɓi da tari a keɓe masa kwanonsa da shimfiɗarsa, a kai shi asibiti da wuri, kada a ɓoye don kunya.

Ku kuma 'yan makaranta, ku karanta wa iyayenku mata wannan, ku riƙe karatunku kam. Ƙasa ba ta warkewa daga annoba sai da ungozoma da malamar asibiti, daga cikinku kuwa za su fito.

Allah Ya kiyashe mu, amin.